Yadda Za Ka Rage Wutar da Moton Injinka Ke Sha

Mai injin niƙa, mai casar shinkafa, mai kamfanin fiya wata, mai wurin yanka katako, duk kukansu ɗaya ne yanzu: kuɗin wuta da na gas suna cinye riba. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta awoyi masu yawa, daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, gas ɗin janareta kuma ya daɗe da haura naira dubu a lita. A irin waɗannan sana'o'i ba ƙwan fitila ko fankar ofis ke shan wutar ba. Moto ne. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa motoci masu juya injuna, famfuna da fankoki suna shan kusan kashi 45 cikin ɗari na duk wutar da ake amfani da ita a duniya, a cikin masana'anta kuwa kasonsu ya fi haka nesa.

Mu yi lissafi da moto mai kilowat 15, wato doki 20, irin wanda ake yawan gani a injin niƙa matsakaici. A ce yana aiki da cikakken lodi awa 10 a rana, kwana 26 a wata. Moto na gama-gari mai wannan girma yana jan kusan kilowat 17 daga layi kafin ya ba ka 15 a sandarsa, ragowar zafi ne. A wata ya sha kusan yunit 4,400, a farashin 225 kuwa naira miliyan ɗaya ke nan saura kaɗan. Kwatanta wannan da kuɗin da ka sayi moton. Za ka ga kuɗin saye shi ne ƙaramin abu, wutar da zai sha tsawon shekaru ita ce babbar asara ko babbar riba. Ka sa farashin da ke kan takardar bil ɗinka a wurin nawa, idan kuma janareta kake ƙonawa, ɗauka cewa litar gas ɗaya tana ba ka yunit 3 ko ɗan sama da haka.

Kafin a ci gaba, duk awon da za a yi a cikin akwatin wuta aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne. Layi uku mai bolt 400 ba ya ba mutum damar kuskure sau biyu. Duk aikin da za a taɓa bel, fuli ko fanka, a kashe babban makunni, a cire fis, wanda zai yi aikin ya sa shi a aljihunsa.

Fara da awo

Matakin farko littafi da biro ne kawai. Zagaya wurin, rubuta kowane moto: aikin da yake yi, awa nawa yake juyi a rana, da abin da ke rubuce a farantin da aka manna a jikinsa, wato kilowat ko doki, bolt, amfiya, gudun juyawa a minti, da kashin inganci, wato kason wutar da yake mayarwa aiki, idan an rubuta. In ƙura da mai sun rufe farantin, a goge da tsumma da ɗan kananzir, kada a kankare da wuƙa. Daga nan ninka kilowat da awoyin aiki. Nan take za ka ga moto biyu ko uku ne ke shan mafi yawan wutarka. Su za ka zuba wa ido, ƙananan da ke aiki rabin awa a rana su jira.

Sai lamba guda da nake ganin ta fi kowace muhimmanci: yunit nawa buhu ɗaya yake ci. Karanta mita da safe kafin a tayar da inji, sake karantawa da yamma, raba da yawan buhunan da aka niƙa ko aka casa, ko ledojin ruwan da aka buga. In janareta ne, lita nawa ta tafi a kan buhu nawa. Yi haka mako guda ka ɗauki matsakaici. Idan babu wannan lamba, duk gyaran da za ka yi, ba za ka san ko ya yi amfani ba, sai dai zato.

Yanzu a kira mai wuta da mitarsa ta maƙalawa a waya. Lokacin da inji ke tsakiyar aiki, ya auna amfiya a kowane layi cikin ukun, ya auna bolt tsakanin kowane layi biyu. Moton kilowat 15 yakan ja amfiya 28 zuwa 30 a cikakken lodi. In ka ga yana jan 21 ko 22, yana wajen kashi 75 cikin ɗari na ƙarfinsa, nan ne kuma moto ya fi bayar da aiki mai yawa da wuta kaɗan. In yana jan ƙasa da rabin abin da ke kan faranti, amfiya ba za ta ƙara faɗa maka gaskiya ba, domin ko babu lodi sam moto yana jan kwata zuwa sulusin amfiyarsa, wani lokaci ma fiye. A nan sai a auna gudu da na'urar auna juyi. Moto mai gudun asali 1,500 wanda aka rubuta masa 1,460 yana rage 40 idan an cika masa lodi. In aka auna aka samu 1,485, ya rage 15 ke nan, 15 cikin 40 kuwa bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. Wannan moto ya yi wa aikinsa girma.

Abin da ba ya cin ko kwabo

Kashe inji idan babu aiki. Akwai maganar da ta zauna a bakin yaran inji cewa tayar da moto ya fi barinsa yana juyi shan wuta. Gaskiya ne lokacin tashi yana fizgar amfiya ninki shida ko bakwai, amma na 'yan daƙiƙu ne, bai kai wutar da zai sha a minti ɗaya ko biyu yana juyi fanko ba. Saboda haka lokacin sallah, lokacin cin abinci, lokacin da ake jiran a sauke kaya daga mota, a kashe. Iyakar abin kiyayewa shi ne kada a riƙa kunna babban moto ana kashewa a kai a kai cikin awa guda, domin kowane tashi yana zafafa kwayil. Maganin wannan tsara aiki ne: a tara niƙa a yi shi a jere, maimakon kwano biyu yanzu, kwano uku bayan minti goma.

Sai zafi, wanda a ƙasarmu ya cancanci a tsaya a kansa. Yawancin motoci an ƙera su ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu iskar waje ma tana kai haka, balle cikin rumfar kwano mara taga. Ƙa'idar da masu ƙera moto suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka tsara wa kwayil yana rage rabin rayuwar rufin wayarsa. Waya mai zafi kuma ta fi tauye wuta, asara ta ƙaru. Ka je ka duba bayan motonka yanzu. Sau da yawa za ka tarar ragar murfin fanka ta toshe da garin masara da zaren buhu, tsagogin jikin moton kuma ƙurar hunturu da dusa sun cike su sun daskare da mai. Waɗannan tsagogi su ne hanyar da zafi ke fita. A share su da burushi kowane mako, a lokacin hunturu ma kullum. In fankar ta karye ko an cire murfinta an ajiye, a mayar, domin murfin ne ke tura iska ta bi jikin moton. A bar tazara tsakanin bayansa da bango, a buɗe wa rumfar taga sama da ƙasa. Jiƙa buhu a ɗora a kan moto, kamar yadda wasu ke yi, toshe masa iska ne, ga kuma haɗarin ruwa ya shiga akwatin waya.

Bel, fuli da boris

Wuta mai yawa tana salwanta tsakanin moto da inji. Bel mai kyau da aka ɗaure daidai yana isar da kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na ƙarfin, wanda ya saki kuwa yana zamewa, ya yi zafi, moto na juyi inji na ja da baya. Ga yadda ake dubawa: auna tazarar bel tsakanin fuli biyu, danna tsakiyarsa da babban yatsa da matsakaicin ƙarfi. A kowace mita ɗaya ta tazara, ya lotsa kimanin milimita 16. In ya wuce haka sosai ya saki, in kuma ya ƙi motsi an matse shi da yawa, boris zai ci. Sabon bel yana miƙewa a kwanakin farko, a sake ɗaure shi bayan yini ɗaya ko biyu. Inda bel uku ko huɗu ke aiki tare, in ɗaya ya tsinke a canja su duka, domin sabo a cikin tsofaffi shi kaɗai zai ɗauki nauyin. Duba ramin fuli: in gindinsa yana ƙyalli, bel ya nutse har ƙasa, fulin ya cinye, sabon bel ba zai yi magani ba. Miƙa zare a fuskar fulin moto zuwa ta fulin inji, ya taɓa gefuna huɗu ba tare da rata ba. Bel mai haƙora a ciki ya fi mai santsi da kusan kashi 2 cikin ɗari, kuma a fuli ɗaya suke zama.

Giris kuwa, yawansa ma cuta ne. Boris da aka cusa wa giris har ya cika yana zafi. A sa kaɗan, irin wanda ya dace, kada a gauraya iri biyu.

Shi kansa injin a dube shi, don moto yana jan wuta ne gwargwadon wahalar da aka ba shi. Faifan niƙa da ya dakushe, gudumomin injin da suka cinye, rariyar da ta toshe, robar casa da ta siɗe, zarton da ba a wasa ba, duk suna ƙara yunit a kan kowane buhu. Shinkafar da ba ta bushe ba ma haka, masu casa sun san laimarta ta sauko wajen kashi 14 cikin ɗari kafin a zuba, in ba haka ba ga shan wuta ga karyewa.

Lafiyar wutar da ke shigowa

Koma kan lambobin bolt uku da mai wuta ya rubuta. A ce ya samu 410, 400 da 390. Matsakaicinsu 400, wanda ya fi nisa ya kauce da 10, wato kashi 2.5 cikin ɗari. Lambar tana da ƙanƙanta a ido, amma rashin daidaiton amfiya da take haifarwa yakan ninka ta sau shida zuwa goma, zafin kwayil kuma ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari. Abin so kada ya wuce kashi 1, in ya kai 5 bai kamata a tayar da moton ba. Sau da yawa matsalar daga cikin gida take: an jibga injin walda, firji da na'urar sanyaya ɗaki duk a kan layi ɗaya, ko wani kusoshin waya ya saki ya yi baƙi. A rarraba kayan a kan layukan uku, a ɗaure kowane kai. A auna bolt a wurin mita, a sake aunawa a bakin moto yana aiki. In bambancin ya wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wayar ta yi siriri ko ta yi tsawo, kuɗinka yana ƙonewa a cikinta.

Idan wuta ta yi ƙasa da fiye da kashi 10 cikin ɗari, moto zai ƙara jan amfiya don ya riƙe lodinsa, ya yi zafi. Sa masa na'urar da ke yanke wuta in layi ɗaya ya ɗauke ko bolt ya faɗi, a kuma saita abin kariyar lodi daidai da amfiyar faranti. Na sha ganin inda abin kariyar ke yawan faɗuwa, yaro ya ce, "Maigida, wannan abin ne ke hana mu aiki," sai a cusa masa tsinke ko a tsallake shi da waya. Abin yana faɗuwa ne don akwai dalili, a nemo dalilin.

Kafasita, na'urar da masu wuta ke haɗawa a layin moto, tana rage amfiyar da ke bin waya da tiransifoma, wannan amfani ne na gaske ga babbar masana'anta, amma ba ta rage yunit ɗin da moto ke sha sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ƙananan akwatunan da ake tallatawa cewa in ka soka su a soket za su rage rabin kuɗin wuta, ka riƙe kuɗinka.

Moton da ya yi girma da wanda ke buƙatar rage gudu

Mutanenmu suna son sayen moto da rara, wai kada ya wahala. Ɗan rara yana da kyau, amma doki 30 a kan aikin doki 10 asara ce kullum, don ingancin moto yana faɗuwa sosai in lodi ya yi ƙasa da rabi. In awo ya nuna haka, a musanya shi da ƙarami wanda zai yi aiki a kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Wani lokaci ma ba sai an saya ba, a cikin wurin akwai wani moton da za a yi musaya da shi. Kafin a rage, a auna a lokacin da lodi ya fi nauyi, a kuma tabbatar ƙaramin zai iya tayar da injin. Akwai wata dabara mai arha: moton da ke aiki a haɗin wayar da masu wuta ke kira delta, wanda lodinsa bai taɓa wuce sulusi ba, mai wuta zai iya barinsa a ɗaya haɗin, wato sta, dindindin, ya sake saita abin kariya. Wutar da yake sha za ta ragu, amma ƙarfinsa ya koma sulusi, don haka kada a ƙara masa kaya.

Famfo da fanka su ne inda babbar riba take. A wurare da yawa famfo yana gudu da dukkan ƙarfinsa, sai a rufe bawul rabi don rage ruwa. Wannan daidai yake da direban da ya take totur har ƙasa yana daidaita gudu da birki. Na'urar sarrafa gudu, wadda masu wuta ke kira VFD, ita ke rage juyin moton kansa. A fanka da famfo mai fiffike, in gudu ya ragu da kashi 20 cikin ɗari, wutar tana raguwa da kusan rabi, domin 0.8 sau 0.8 sau 0.8 ya ba da 0.51. Fankar busar da shinkafa, fankar zuƙe ƙaiƙayi, famfon da ke zagaya ruwa, duk sun dace da ita.

Amma ba ko'ina ba. Famfon rijiyar burtsatse da ke ɗaga ruwa daga ƙasa mai zurfi zuwa tanki a sama, in aka rage masa gudu da yawa ruwan ba zai iso ba, ribar ba ta kai ta fanka. Shi abin da ya fi buƙata bututu mai faɗi, rage gwiwoyi, toshe yoyo, da makunni mai bin ruwa da zai kashe shi in tanki ya cika. Injin niƙa da ke aiki da cikakken gudu da cikakken lodi ma bai buƙatarta, ita kanta tana cin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. In za a sa, a sa ta cikin akwatin da ƙura ba ta shiga amma iska na ratsawa, kada kuma a haɗa kafasita tsakaninta da moto.

Mai kwampuresa, bayan an tashi aiki ka cika tanki, ka kashe, ka tsaya ka saurara. A wurin da ba a kula, yoyo yana cinye kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar. Shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa a gyara.

Ranar da kwayil ya ƙone

A nan ne ake yanke shawarar da za ta bi ka shekaru. Naɗin kwayil da aka yi da kyau yana iya mayar da moto yadda yake. Wanda aka yi da ganganci yana rage masa inganci, kuma kai za ka riƙa biya duk wata. Ɓarnar tana farawa daga cire tsohuwar waya. In aka cinna wa moton wutar itace ko ta taya, ko aka bi shi da wutar walda, siririn rufin da ke tsakanin fallayen ƙarfen ciki yana ƙonewa, daga ranar ƙarfen zai riƙa zafi ko da wace waya aka naɗa. Masu aikin ƙwarai a tanda suke gasawa, zafin bai wuce kimanin digiri 370 ba.

Ka je da kanka ka zauna da mai naɗin. Ka ce, "Malam, ina so a ƙirga zagayen tsohuwar wayar, a auna kaurinta, a ɗora ta a sikeli a gabana." Sabuwar ta zama tagulla zalla, kauri ɗaya, zagaye ɗaya, nauyi ɗaya ko fiye. Akwai wayar alminiyam da aka shafa wa ruwan tagulla, in ka kankare bakinta za ka ga fari, ita kuma ba ta da nauyi a hannu. A tsoma a banish a gasa ya bushe, a sa sababbin boris. In ya dawo, a tayar da shi ba bel, a auna amfiya, a kwatanta da wadda ka rubuta a littafi lokacin yana lafiya. In ta haura a fili, aikin bai yi ba. Kada kuma a mayar da shi sai an gano abin da ya ƙona shi.

A ganina ƙaramin moto da aka naɗa sau biyu, kuma yana aiki awoyi da yawa, sabo ya fi. Duba faranti ka nemi alamar IE, wato matakin ingancin moto. A moton kilowat 15 mai gudun 1,500, IE1 yana da inganci 88.7, IE2 90.6, IE3 92.1, IE4 93.9. Tun watan Yulin 2021 Tarayyar Turai ta wajabta IE3 ga yawancin sababbin motoci masu layi uku daga kilowat 0.75 zuwa 1,000. A lissafinmu na farko, tsakanin IE1 da IE3 akwai kusan yunit 160 a wata, wajen naira 36,000. In kuwa tsohon naka ya sauko zuwa 85 saboda naɗi, bambancin ya kai yunit 350, kusan naira 80,000 a wata. Raba ƙarin kuɗin sabon da wannan, ka ga wata nawa zai biya kansa.

Wajen saye a tabbatar an rubuta 50Hz, wato irin wutar ƙasarmu. Na hannu da ya fito daga Amurka mai 60Hz zai juya a wutarmu, amma gudunsa da ƙarfinsa za su ragu da kashi ɗaya cikin shida. Nemi IP55 saboda ƙura, rufin waya ajin F saboda zafi, da S1 in zai yini yana aiki. Moto mai inganci yakan ɗan fi tsohon gudu, a kan fanka ko famfo wannan ɗan ƙarin yana iya cinye ribar, sai a daidaita da girman fuli.

Bayan kowane gyara, sake ɗaukar lambar yunit a kan buhu na mako guda, ka rubuta ta kusa da ta farko, gyara ɗaya a lokaci ɗaya don ka san wanne ya yi aiki. Daga nan awon amfiya da bolt sau ɗaya a wata ya isa. Duk watan da ka ga lambar ta hau alhali kayan da kake sarrafawa ba su canja ba, fara duba bel da ragar fanka, sannan faifai ko rariya, kafin ka kira mai wuta.